Tabulet ɗin Dufie

Ranar Laraba Agyekum ya dawo gida cin abincin rana, ya tarar matarsa Dufie ta tafi kasuwa sayen zare, ta bar tsohon tabulet ɗinta a kan keken ɗinki. Shekara shida ke nan da yayarta ta aiko mata shi daga Turai. Duk awon matan da take wa ɗinki yana ciki, har da na mata goma sha ɗaya da za su sa baƙi da ja a jana'izar wani dattijo ranar Asabar.

Shi ƙwallo kawai ya so kalla. Na'urar ta ce sai an sabunta manhajarta, ya danna. Ya ga batir ya yi ja, ya ce a ransa zai kai. Wani siririn layi ya fara tafiya a fuskar, ya wuce rabi, sai komai ya ɗauke.

Ya sa caji ya kunna. Tambarin kamfani ya fito, ya ɓace, ya sake fitowa. Haka ya yi ta yi, har tuwon dokunun da ke gabansa ya huce bai taɓa ba.

Da ya ji muryar Dufie a ƙofa, sai ya cusa tabulet ɗin cikin rigarsa.

"Maigida, ba ka ci ba?"

"Fasinja ke jirana," ya ce, ya raɓa ta gefenta ya shige tasinsa.

A unguwar Adum ya sami Bempa mai gyaran waya, tsohon abokinsa na coci. Bempa ya jujjuya abin yana dariya.

"Ɗan'uwa Agyekum, wannan ai ya isa fansho. Wa ya aike ka?"

"Bar wasa, don Allah. Na madam ne."

"Af. To ka mutu."

Bempa ya danne maɓallin kunnawa da na ƙara sauti tare, wasu ƙananan rubutu suka bayyana. Ya share tarkacen da sabuntawar ta bari, ya sake kunnawa. Tambari dai. Ya haɗa shi da kwamfuta, kwamfutar ta gan shi amma ta ƙi buɗe cikinsa. Ya zaro wurin memori da allura, wayam.

"Wuri ya yi masa kaɗan, ga shi wuta ta yanke ana tsakiyar aiki. Zan iya tashinsa, amma sai na wanke shi tas. Ko hoto ɗaya ba zai rage ba."

Agyekum ya zauna a kan benci. Ya yi tunanin ya ce faɗuwa ya yi, ko ya ce an sace a mota. Waya ta yi ƙara a aljihunsa har sau uku kafin ya ɗauka. Dufie ce.

"Ka ga tabulet ɗina? Na birkice shago kaf. Har na yi wa Maame Konadu magana, don ita kaɗai ta shigo."

Maame Konadu maƙwabciyarsu ce, tsohuwa mai sayar da gasasshiyar ayaba. Agyekum ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Yana hannuna, Dufie. Ni na lalata shi."

Ta kashe wayar.

Washegari bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Da safe ya fara zuwa ya durƙusa gaban Maame Konadu, ta ce ya tashi kar ya ɓata wandonsa, amma ba ta kalli inda Dufie take ba. Daga nan ya ɗauki matarsa da tef ɗin awonta, suka bi matan nan gida-gida, daga unguwar Bantama har garin Ejisu. Ta zauna a baya kamar wadda ta yi shata. Tana awo tana faɗa, shi yana rubutawa a littafin makaranta.

"Dufie, yaushe kika yi sakatare?" in ji wata mai ƙiba, tana ɗaga hannuwa. "Kai, direba, rufe kunnenka in an zo ƙugu."

Mata suka kwashe da dariya. Dufie ba ta yi ba.

A hanyar dawowa ya miƙa mata tabulet ɗin da Bempa ya wanke. Ya kunnu lafiya lau, har ya fi da sauri. Ta shafa fuskar da yatsa, ta buɗe nan, ta buɗe can.

"Awo ai ga shi mun sake," ta ce a hankali. "Akwai bidiyon Mama tana koya wa Abrafi daka fufu. Shi kaɗai nake da shi mai muryarta."

Abrafi 'yarsu ce. Mahaifiyar Dufie kuwa bara aka binne ta.

Agyekum ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya kashe injin.

"Ja mu je," ta ce. "Riga goma sha ɗaya ke jirana, kuma kai za ka yi guga."