Ranar da Labbo Ya Sauka Bungudu

Ishaya malamin gona na tsaye yana ɗaura agogo zai tafi ofis, sai ya hango Labbo masinja ya sauko daga motar Gusau. Nan take ya ja da baya, ya turo ƙofa.

Shekarar nan ce fa da soja ke sharar ma'aikata, har wani Turanci ya shiga bakin kowa, masu tallan fura ma sun iya shi: wid imidiyet ifet. Wato yanzu-yanzu, ko ruwan da ke bakinka ba za a jira ka haɗiye ba. A ma'aikatar su Ishaya kuwa ba a kiran mutum a gaya masa. Labbo ake turowa, ya yi sallama, ya miƙa hannu, ka ba shi makullin babur da na gidan gwamnati. Haka aka yi wa Malam Sabiru na Tsafe, kayansa suka kwana a waje.

Ishaya ya ce wa matarsa, "Marta, ki ce na tafi duba gonaki."

"Haba Baban Esta! Kai da Labbo fa kwano ɗaya kuke ci."

"Yau ba ci ya kawo shi ba." Ya dubi cikin matarsa, haihuwa yau ko gobe. "In ya karɓi gidan nan, ina zan kai ku?"

Ya fice ta baya, ya kutsa cikin dawa, ya tsuguna. Bawan Allah, ko kara ya motsa sai gabansa ya faɗi. Da hantsi ya ji Marta na ƙwala masa kira, ya yi gum, ya ce a ransa ai sa ta aka yi. Can ya ji mota ta tsaya wajen ofis, ya ƙara lafewa.

Sai la'asar ƙishirwa ta koro shi daga cikin dawar. Ya iske Labbo zaune a ƙofar gida, ga tuwo a gabansa bai taɓa ba.

"Malam Ishaya, don Allah ina ka shige? Ni fa ba aiko ni aka yi ba. Jiya na ji manya na cewa za su zo ba zato, duk wanda ba su iske a kujerarsa ba ya tafi ke nan. Na yi sammako in ce maka kada ka motsa ko nan da can."

"Sun zo?"

"Sun zo. Har azahar suna kallon kujerarka. Da za su tafi suka ce tunda ga ni, in ƙarasa musu aikin."

Marta ta dafa bango. Labbo ya dube ta, ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu.

"Ba ni makullin babur. Na gidan kuwa, har ta sauka lafiya, zan ce musu ka koma cikin dawa, ban same ka ba."