Idon Mai Tsaron Raga

Likita Fatunde ta kashe fitilar na'urar duba ido, ta ja kujerarta baya. "Kwana nawa kika yi kina barci da robar nan a ido?"

Ajibike ta kai hannu ta goge fuska. Idonta na hagu ya yi jajir, hawaye na bin gefen hancinta. Shekara shida ke nan tana tsare wa wata ƙungiyar ƙwallon mata raga a Ibadan, kuma in ba ta manna 'yan siraran robobin nan a kan ƙwayar idonta ba, ko lambar da ke bayan rigar 'yan wasa ba ta iya karantawa.

"Gyambo ne a baƙin idon," in ji likitar. "Ƙarami ne, zai warke. Amma ke da roba sai bayan wata uku."

"Kwana goma sha takwas gare ni, Ma. Wata ƙungiya daga Maroko za ta zo Legas ɗibar 'yan wasa. Shekarata ashirin da tara. Ba wanda zai sake kirana."

"To, ki sa tabarau."

"A raga? Ƙwallo ɗaya ta ishe shi." Ta matso gaba. "Ki yi mini aikin leza, wanda ake gyara ido da haske. An ce yau a yi, gobe mutum ya gani garau."

Likitar ta ɗauki takarda ta zana ido. Ta ce aikin iri biyu ne. A na farko ana ɗaga siririyar fatar gaban ido kamar murfi, a gyara ƙasa, a mayar. Washegari mutum zai gani, sai dai gwiwar hannu ko ƙwallo mai ƙarfi na iya gusar da murfin. A na biyu kankare saman ake yi, shi ya fi dacewa da masu shan duka a fuska, amma sai an yi makonni ana gani dishi-dishi.

"Ki yi na farkon. Zan riƙa kare fuskata."

"Ko ɗaya ba zan yi ba. Ba a taɓa ido mai ciwo."

Ajibike ta zame daga kujera ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa. "Don Allah, Ma. Ni na ji, na gani. Kawo takarda in sa hannu."

"Tashi, 'yata. Hannunki ba zai warkar da gyambo ba."

Ajibike ta fito daga asibitin da maganin ɗigawa da wani tabarau na roba mai kauri, mai igiya da ake zagayawa ta ƙeya. Washegari da ta sa shi a filin atisaye, Romoke mai buga gaba ta riƙe ciki don dariya.

"Anti Jibike, ƙwallo za ki kama ko walda za ki yi mana?"

"Buga ki gani, mai ƙafar tsinke."

Romoke ta buga, ta kuma gani. Minti goma ba a yi ba zufa ta turare gilashin. Duk ƙwallon da ta taso daga gefe sai ta iso gabanta take ganinta. Biyar suka wuce ta ran nan, har da wadda ko 'yar koyo za ta cafe da hannu ɗaya. Daga ta uku ba wadda ta sake yin dariya.

Ajibike ta je wasu asibitocin ido biyu neman a yi mata aikin, ta ɓoye zancen gyambon. Duk suka gan shi da kallon farko. A gida uwarta, Iya Ajibike, ta ajiye mata amala da miyar ewedu, ta zauna tana kallon yadda take juya loma.

"Ido biyu Allah ya ba ki, ba uku ba. In Maroko ta wuce, wata za ta zo."

"Wacce, Mami? Sun fara kirana tsohuwa."

Ran gwaji, a ɗakin sauya kaya a Legas, ta tsaya gaban madubi. Jan ya ragu, sai ɗan tabo fari kamar ƙwayar gero. Ta manna robar a idon dama. Ta gwada jefa ƙwallo sama don ta cafe, hannunta ya riga ƙwallon rufewa. Ta daɗe tana kallon ɗaya robar a kan yatsarta. Sannan ta buɗe fatar idon hagu ta manna.

Kwana uku aka yi ana gwajin. Ba ta taɓa tsare raga irin na kwanakin nan ba. A rana ta biyu idon ya fara suka kamar an zuba yashi, ta ce wa masu tambaya ƙwaro ne ya faɗa. A ta uku ta ture bugun fenareti da yatsu biyu, mutanen Maroko suka dubi juna.

Su biyu aka ɗauka cikin arba'in, har da ita. Mai fassara ya miƙa mata takarda, ya ce ran Litinin likitocinsu za su duba lafiyarta daga kai har ƙafa, daga nan sai jirgi.

A bayan fili, gefen famfo, ta ciro robar da ƙyar. Ta rufe idon dama da tafin hannu. Bas ɗin da ke gabanta, da bangon, da sararin sama, duk suka haɗe suka zama fari ɗaya, kamar an shafa koko a gilashi. Ta wanke fuska ta sake gwadawa. Haka dai.

Wayarta ta yi ƙara.

"Sun ɗauke ni, Mami."

Ta ji ƙarar faɗuwar kwano, ta ji uwarta na kiran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya da sunayen 'ya'yansu, tana waƙar godiya tana shessheƙa. Sai can ta dawo kan wayar.

"Wane kaya zan haɗa miki? An ce can akwai sanyi."

Ajibike ta zauna a kan dakalin famfon, hannunta har yanzu a kan fuska.

"Haɗa mini rigar nan mai kauri," ta ce. "Shuɗiyar."