Hoton Ɗiyar Fari

Shekarar da nake aji shida, wato 1979, Turawa goma sha ɗaya suka zo rugarmu da ke bayan Birchi. Ba aiki ya kawo su ba, ba kuma ciniki ba. Wai hutu suke yi, sun cika mota guda suna zagaya ƙasa, kowa da kyamara rataye a wuya. Ni dai har yau ban gane wane irin hutu ne mutum zai bar ɗakinsa ya zo rana ta saɓule mashi fatar hanci ba.

Wanda ya jawo su shi ne Dalhatu, mai shagon hoto a bakin tashar Dutsin-Ma. Ya sha baƙin tabarau da malafa, yana gaba suna biye kamar tumakin da aka fito da su kiwo. Turancinsa bai wuce kalma goma ba, sauran da hannu yake ƙarasawa.

Kafin a fara ɗauka sai da ya sa aka ɓoye rediyon Baffa, mahaifina, aka kwashe kwanonin sha na ƙarfe, aka cire mana takalman roba. Ya ce baƙin ba su zo ganin wannan ba. Aka fito da wasu tsofaffin ƙore da ko kaji ba a ba ruwa a ciki, Turawa suka rufu a kansu suna ta ƙyas-ƙyas. Wani mai tumbi ya durƙusa ya ɗauki hoton kashin shanu har sau uku. Da idona na gani.

Ni ce ɗiyar fari a wurin Inna. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗiyar farinta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta taɓa ta gaban mutane. In Inna na son ruwa sai ta dubi Gogo, yayar Baffa, wadda ta goye ni, ta ce, "Ce ma waccan, randa ta bushe." Dalhatu ya san wannan sarai, don ba daga sama ya faɗo ba.

Wata Baturiya mai jan gashi ta ce tana son hoton uwa da ɗiya.

"Zinariya, zauna nan," in ji Dalhatu ga Inna. "Ke 'yar boko, taho."

Gogo ta ce, "Kai Dalhatu, ɗiyar farinta ce fa."

"Haba Gogo, ƙiftawar ido ce. Baƙi ne, kar ku kunyata ni."

Baffa ya tafi da shanu, babu mai tsawata mashi. Inna kuma ba ta iya musu gaban baƙi ba. Ta zauna, ya tura ni jikinta, ya kama hannunta ya aza mani a kafaɗa kamar mai ɗora kaya a kan jaki. Na ji ƙamshin man shanu da hayaƙi a zanenta. Ban taɓa jin sa kusa haka ba. Baturiya ta danna, Inna ta miƙe ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da ƙarar motarsu ta ɓace. Alewa suka bar mana, ta narke a takarda.

Bayan wata huɗu, ina Dutsin-Ma gidan da nake zama don makaranta, sai ga Gogo ta shigo da ƙwaryar nono, ko saukewa ba ta yi ba.

"Rahmatu, hotunan Turawan nan sun iso. Wancan shashashan ya ce ranar kasuwa zai manna su a gilashin shagonsa. Duk matan Birchi da ke kawo nono ta nan suke bi. Uwarki ta ce in aka gan ta rungume da ke, ta bar zuwa kasuwa ke nan har ta mutu. Ta ce a karɓo a ƙona."

Ni kuwa tun ranar da aka ɗauki hoton nan nake tunaninsa. Ba ƙonawa nake so a yi ba. Amma ban faɗa ma Gogo ba.

Na tarar da Dalhatu da abokansa uku a kan benci, yana juya masu hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na gaishe shi, na tsaya gefe. Ga Turawa a kan dutse sun yi jawur suna haki. Ga mai tumbi a kan jakin wani, jakin ya fi shi kyan gani. Ga su a kasuwar Kurfi sun yafa zane a baibai suna dariya. Ga kashin shanu, ya fito fes, da launi. Ga Dalhatu kansa ya dafa mota kamar tasa ce.

Sai ga namu. Inna ta kau da kai gefe, fuskarta a ɗaure. Amma hannun da aka aza mani ba a kafaɗa ya tsaya ba. Yatsunta biyu suna gyara mani ƙullin ɗankwali. Ban san ta yi haka ba sai ranar.

"Malam Dalhatu, Inna ta ce ka ba ni wannan."

"Wannan? Shi ne ma zai hau sama. Ki ce mata ta zama tauraruwa."

Abokansa suka yi dariya. Ya juya bayan nasa hoton, inda Baturiya ta yi rubutu mai haɗe da juna, ya ce masu, "Kun gani, nan yabona ta yi. Ke 'yar boko, karanta masu su ji."

Ashe bai iya karanta rubutun hannu ba. Na karɓa na karanta a zuci. Cewa ta yi: ga jagoranmu, wanda ya ɓatar da mu sau biyu a hanyar Kurfi, ya kuma cinye mana kifin gwangwani.

Na matsa kusa na faɗa mashi a kunne. Sannan na ce, "In karanta da ƙarfi, ko in tafi da na Inna?"

Ya cire tabarau. Idonsa ƙanana ne ashe. Ya miƙo mani hotonmu da Inna, ya ce ma abokansa, "Yarinya ce, ba ta ƙware ba tukun."

A hanya na duba bayan namu. Baturiya ta rubuta: uwa mai fushi. Ta tsallako teku da kyamara mai tsada, abin da ta iya gani ke nan.

Ranar Asabar na kai shi gida. Na so in ce ya ɓace, na kasa. Na ba Gogo, Gogo ta miƙa ma Inna. Inna ba ta duba ba, ta cusa shi a haɓar zane ta ce, "Ni zan ƙona da kaina." Na zaga bayan ɗaki na yi kukana inda babu mai gani.

Da hutun damina Gogo ta aike ni ɗakin Inna in ɗauko faifai. Ban gan shi ba, na ɗaga murfin babbar kwallar da Inna ke ajiye 'yan kunnenta. Hoton na ciki, naɗe a sabon ƙyalle, gefensa ya fara laushi don yawan taɓawa.

Inna na bakin ƙofa. Ta ga na gani. Ta juya ta dubi Gogo can a tsakar gida, ta ɗaga murya ta ce, "Ce ma waccan faifai aka aike ta ɗaukowa."