Tarin Illo

Shekarar fari, zamanin soja, Zuliha ta tako daga Tsibiri har Sabon Gari, shagon Hamidu mai kaset. Ta ce ya sa mata waƙoƙin wani tsohon mawaƙi mai gita, tun daga na farko.

Hamidu na sawa, tana girgiza kai. Pil ɗin rediyo, wato batir, ya fara sanyi, ta ƙi tashi.

"Saura ɗaya, Inna, amma ba mai sayensa. Wani ya yi tari tsakiyar waƙa, ya ɓata ta."

"Sa shi."

Tarin ya fito. Illo ne, mijinta, makaɗin mawaƙin, wanda ya tafi kudu neman abinci bai dawo ba.

"Maido baya," in ji ta. "Ba waƙar na zo saye ba."