Gawar da Ta Cire Takalmi

Shekara ashirin da biyu Lawan yana jan motar gidan Alhaji Maharazu a Nassarawa GRA, ko a mafarki bai taɓa ganin kansa a talabijin ba, sai da Najla ta jawo masa. Najla ita ce autar gidan, wadda ya yi ta kaiwa makaranta tun tana birgima a kujerar baya. Da ta girma sai ta zana wani littafin ban tsoro, labarin annobar da ke tayar da matattu su bi rayayyu da cizo. Littafin ya karɓu, har wani gidan talabijin ya ce zai mayar da shi shiri mai dogon zango. Ranar da ake neman waɗanda za su fito a gawarwakin, ta dubi tsawon Lawan da ramarsa ta ce, "Baba Lawan, wallahi kai na zana ban sani ba."

Da wani ne da ya ji haushi, amma Lawan bakinsa har kunne. Kafin la'asar ya buga wa Inna waya, tsohuwarsa da ke ƙauyensu can bayan Ringim, ya ce ta shirya ganinsa a talabijin.

"Kai ɗin?" in ji Inna. "Lawan, tun kana yaro cika baki ne da kai. Sai na gan ka da idona."

Maganar nan ta tsaya masa a rai. Mutum ya haura hamsin, da furfura a gemu, amma har yau uwarsa ba ta yarda da maganarsa! Daga ranar burinsa ya zama guda: Inna ta gan shi, ta faɗa da bakinta cewa ta gani.

Aka sa ranar ɗauka Asabar da hantsi, a cikin gidan, domin Hajiya ta ba da aron babban falonta zuwa azahar. Darakta wani matashi ne mai suna Badaruddeen, mai saurin magana da saurin fushi. Ya tara gawarwakinsa goma sha biyu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, yawancinsu masu gadi da masu ban ruwan fulawa na layin, har da Habibu kukun gidan. An riga an shafe musu fuska da farar hoda, an zizara baƙi a ƙarƙashin ido, an zuba musu jinin zoɓo da sitaci a haɓa.

"Ku saurara da kyau," in ji Badaruddeen. "Zombi, wato gawar da ta tashi, ba shi da hankali. Ba ya gaisuwa, ba ya jin kunya, bai san babba ba bai san yaro ba. Ku ja ƙafa, ku karkace wuya, ku yi gurnani. In kun ga ƙofa, ku afka kawai."

Habibu ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba gawa ba ce, tantirin mara kunya ne."

Aka kwashe da dariya, ban da darakta. Ya sa Lawan a gaba saboda tsawonsa. Aikin ba wuya: su taho daga get, su haye baranda, su kutsa falo inda wasu 'yan gida suka ɓuya a bayan kujeru.

Kai, ka ga tafiya! Lawan ya ja ƙafar hagu kamar tayar da ta yi faci, wuya a karkace, gurnani har karen maƙwabta ya amsa. Badaruddeen yana kallon ɗan allonsa yana gyaɗa kai. Lawan ya iso ƙofar falo, ya tura ta da kafaɗa, sai ga murya tangaran: "Salamu alaikum."

Mai riƙe da kyamara kuwa, bawan Allah, ya amsa masa.

"Tsaya! Tsaya!" Badaruddeen ya dafe kai. "Baba, gawa ce kai! Wa kake yi wa sallama?"

Lawan ya ba da haƙuri, ya ce suɓutar baki ce. Aka koma get. A karo na biyu ya datse leɓensa da haƙori, sallamar ta tsaya a maƙoshi. Amma yana isa bakin ƙofa, ƙafafunsa suka yi abin da suka saba. Ya zare silifas na hagu, ya zare na dama, ya sa babban yatsa ya daidaita su a jikin bango, sannan ya shiga da gurnaninsa. Na bayansa da suka ga haka, su ma kowa ya tuɓe nasa. Sauran gawarwakin suka yi layi a baranda suna jiran juna.

Najla ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Badaruddeen kuwa idonsa ya yi ja. Ya sa aka kawo wa Lawan wani tsohon kambas mai igiya, aka ɗaure masa tamau. A karo na uku gawar ta zo ƙofa, ta tsuguna, ta warware igiya a tsanake.

"Baba, don girman Allah, me na yi maka?"

"Yallaɓai, dardumar Hajiya ce," in ji Lawan. "Shekara ashirin da biyu ban taɓa taka ta da takalmi ba. Wallahi ina cewa ƙafar ta wuce, ita ce take ƙi."

Badaruddeen ya dubi agogo, ya ce a wanke wa Baba fuska ya je ya huta, Habibu ya dawo gaba. Ba korar ce ta fi yi wa Lawan ciwo ba, muryar Inna ce ya ji tana cewa ai da ma ta faɗa. Ya sunkuya zai ɗauki silifas ɗinsa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai Najla ta ce, "Malam Badaruddeen, mayar mana da ɗauka ta biyu mu gani. A kashe sautin."

Ya mayar yana tsaki. Suka taru a kan allon. Ga matattu sun shige ɗaya bayan ɗaya, kyamara ta tsaya a kan baranda, ba kowa, sai takalma ƙafa goma sha biyu a jere reras. Mai kwalliya ta shafa hannunta ta ce ita fa tsigar jikinta ta tashi.

"Ka ɗauka ka dawo gida daga kasuwa," in ji Najla, "ka tarar da wannan a ƙofar ɗakin mahaifiyarka. Zombin da ka gani a finafinan waje ba a Kano ya tashi ba. Namu hankalinsu ne ya tafi, amma abin da aka koya wa jiki tun yarinta yana nan. Ni kaina ban zana haka ba, kuma ina jin haushin da ban zana ba."

Badaruddeen ya sake kallo, ya kuma sakewa. Can ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, koma get. Ka cire takalminka yadda ka ga dama. Amma in na ƙara jin sallama, ni da kai ne."

Ran Lawan ya yi fari ƙal, sai dai murnar ba ta kai azahar ba. Da aka gama, ya leƙa allon don ya ga kansa, ya nema ya rasa. Duk fuskokin fari fat, baki jina-jina, idanu a zurme. Shi da kansa sai da ya nuna Habibu a zaton shi ne. To ina ga Inna, da idonta ya fara hazo?

Wata uku bayan haka aka sa shirin, ran Juma'a bayan la'asar. Lawan ya ɗauki hutu ya tafi gida. Rabin ƙauyen ya taru a tsakar gidan maƙwabcinsu mai sola, aka shimfiɗa wa Inna tabarma daf da talabijin. Lawan ya rantse a ransa ba zai nuna kansa ba, don ya san halinta, cewa za ta yi kowa ma zai iya nuna dodo ya ce shi ne.

Matattu suka ɓullo daga get. Mata suka hau salati, wasu suka ja da baya. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido.

"A'uzubillahi. To kai ina kake? Waɗannan ai duk kamarsu ɗaya, Allah ya raba mu da gani."

Lawan ya riga ya sallama, har ya fara tunanin motar da zai bi da safe. A cikin akwatin kuwa dogon na gaba ya hau baranda, kyamara ta sauka kan ƙafafunsa. Na hagu ya fita, na dama ya fita, babban yatsa ya tura su jikin bango ya daidaita.

Inna ta daki tabarma da tafin hannu.

"Lawan! Wancan nawa ne! Wallahi nawa ne!" Ta juya ga jama'a tana nuna talabijin, murya har bayan katanga. "Ni na koya masa wannan, da muciya a hannuna. Ku duba ku gani, ko da ya mutu bai zubar mini da tarbiyya ba!"

Tsakar gida ta kaure da dariya da tafi. Lawan ya buɗe baki zai yi cika bakin da ya tanada tun daga Kano, maganar ta ƙi fita. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya cire hula ya rufe fuska da ita. Inna ta laluba ta kamo hannunsa ta riƙe gam, idonta na kan talabijin, ba ta sake shi ba har shirin ya ƙare.