Littafin Yelwa da Aka Wanke

Wata uku na yi ina fama da hannun Yelwa. Ni ce malamar aji uku a firamaren da ke Luggere, shekara biyu bayan an yanka mana Jihar Arewa maso Gabas. Duk yaran sun kama rubutun haɗe ban da ita: kowane harafi nata sai ya tsaya shi kaɗai kamar ya yi faɗa da maƙwabcinsa.

Hedimasta Ishmael ba ya magana biyu. Ya ce ranar Litinin zai duba littafinta, in babu ci gaba a sallame ta a ba wani kujerar.

To, ni Kezia ba a kayar da ni da sauƙi. Kullum aka tashi sai mu zauna gindin darbejiya. Muka fara da yatsa a yashi, muka koma allo, sannan alƙalami da tawada, hannuna bisa nata, ina cewa, "Kada ki ɗaga sai kalma ta ƙare." Shafukan ƙarshe sun yi kyau har na ji alfahari.

Ranar Litinin ta shigo ofis, laɓɓanta sun yi shuɗi. Ta miƙa littafin. Ya kumbura, ya yamutse, babu harafi ko ɗaya.

"Wa ya yi wannan?" in ji Hedimasta.

Goggo Asta, wadda ke riƙonta, ta leƙo ta taga. "Ni na wanke, na ba ta ruwan ta sha. Rubutu mai kyau a ciki yake zama, ba a takarda ba."

Wallahi na ji kamar in yi kuka don haushi.

Hedimasta ya tura farar takarda da alƙalaminsa gaban yarinyar. "Rubuta: Kogin Binuwai ya cika ya batse."

Ta ɗauki alƙalamin. Tawada ta ɗiga. Na buɗe baki, ya ɗaga min yatsa, na haɗiye. Ta dube ni sau ɗaya, ta sa bakin alƙalami, ta ja. Ba ta ɗaga ba sai da kalma ta ƙare. Haka ta biyu, har ta ƙarshe.

Ya daɗe yana kallon takardar. "Koma aji."

Goggo Asta ta tafa hannu. "Kin gani, Malama? Kwana ɗaya kacal ya yi aiki."

Wata uku na guminmu ke nan. Na dubi Yelwa tana goge baki da bayan hannu, ta nufi kujerarta.

"Na gani, Goggo," na ce.