Yatsun Mai Gyaran Kifi

Ka gan shi a cikin bas, kada ka yi musu. Da hannun rigarsa ya zame, ka ga ƙurajen da suka jeru tun daga yatsa har gwiwar hannu, sai ka kau da kai, ka matsa jikin taga.

Mai gyaran kifi ne a kasuwa. Bara aka yi masa dashen ƙoda, yayarsa ce ta ba shi ɗaya daga cikin nata. Tun daga nan yake shan ƙwayoyin da ke kwantar da garkuwar jiki, don kada jikin ya ƙi ƙodar. Ana nan sai ƙayar kifi ta soke shi. Raunin da wani zai tsotse ya koma bakin aiki, shi a jikinsa ya zama gyambo mai tafiya.

Ranar da ka gan shi, asibiti za shi, yayar tana gefensa. Asibitin kuwa yana da tsarinsa: duk mai miki, tun daga ƙofa ake tura shi ɗakin wankin ciwo. Ba ya ganin likita.

"Sarkin kifi, ka dawo?" in ji mai wankin, yana warware bandeji. "Kai da ciwon nan sai mutu-ka-raba ke nan?"

Yayar ba ta yi dariya ba. "Malam, kullum kana wankewa, kullum yana hawa. Ka taɓa tambayarsa maganin da yake sha?"

"Baiwar Allah, ni wanki aka ɗauke ni, ba tambaya ba."

"Yaya, ki bari mana," in ji ƙanen, murya ƙasa-ƙasa. "Mutane na kallo."

"Su kalla! Naman jikina ne a cikinka. Ba zan zauna ina gani kana ruɓewa ba."

Ta tsaya a ƙofa ta tare layi. Aka yi lallashi, aka yi zagi, ko gezau. Dole aka kira likita.

Likita ta duba hannun, ta tambayi sana'arsa da magungunansa, fuskarta ta sauya. Ta ce ga alama wata ƙwayar cuta ce ta ruwa da jikin kifi, ba kasafai ake ganinta ba, kuma mai raunin garkuwa ta fi yi wa ɓarna.

"Da an ɗebi kaɗan an kai gwaji tun farko, da magani ya isa. Yanzu ta ci jijiya, ta kai ƙashi. Waɗannan yatsun biyu da wuya su tsira."

Ya daɗe yana kallon yatsun. "Da su nake riƙe wuƙa."

A bayansu, mai wanki har ya kira na gaba.

Na gaban nan naka ne, ko maƙwabcinka. In ka rako mai ciwon da ya ƙi warkewa, kada ka karɓi bandeji ka yi godiya. Faɗi maganin da yake sha. Nemi likita. Kada ka gusa sai an kai ciwon gwaji.